Ƙidayar Ƙafafu

Shekara talatin da ɗaya kakata Sun-rye ta yi
tana gwanjon kifi a bakin tekun Busan,
hannunta na warin gishiri ko ranar biki.
Yanzu gwiwa ta ƙi.
Tana hawa na tara, bargo a cinya, fensir a bayan kunne,
na faɗo mata da waya kamar mai neman goron albishir:

"Kaka, dubi kamfanin nan mai ƙera farfelar jirgin ruwa,
kwana shida yana ja!"
A garinmu ja ne launin hawa, shuɗi na faɗuwa.

Ko kallon farashin ba ta yi ba.
Ta sa farce a ƙasan allo,
inda sanduna suka jeru kamar haƙoran tsohon mataji.
"Waɗannan fa?"
"Yawan hannun jarin da ya sauya hannu kowace rana."
"To nan kasuwar take, Tae-gyeom.
Na sama baki ne, na ƙasa ƙafa.
Baki ɗaya ya isa ya ɗaga farashi,
ƙafa kuwa sai ta tako ake ƙirga ta."

Ta jawo tsohon littafin bashi, ta buɗe bayansa.
Ranar da kasuwa ta tashi sama da jiya,
ta tara cinikin ranar kaf a kan na hannu.
Ranar da ta tashi ƙasa da jiya, ta ɗebe.
In kunnen doki ne, ta bar shi.
Kwana arba'in ta bi tana lasar bakin fensir,
shayin sha'ir ya huce,
ta ɗiga ɗigo, ta haɗa su da layi.

Na ce ai waya na zana wannan da taɓawa ɗaya.
Ta ce ta sani. Hannu ne ke son jin nauyin.

Farashi na hawa dutse,
layinta na tsiyayewa kamar ruwa a fasasshen baho.
Ranakun ja, tsiraru ne ke turi.
Ranakun shuɗi ukun nan da na raina
su ne maƙil da jama'a,
manyan buhuna na sulalewa ta ƙofar baya.

"Na san irin wannan safiyar," in ji ta.
"Dillali na ta ihu, farashi na tsalle,
amma masu motocin ƙanƙara sun riga sun ta da inji.
Wanda hantsi ya tarar da akwati a hannu
sai ya koya wa hancinsa haƙuri."

Ban saya ba.

Sai kamfanin ya ƙara kwana tara yana ja.
Abokina Byeong-uk ya saya, ya kai mu cin gasasshen nama,
yana juya tsoka a wuta yana tambayar lafiyar fensir.
Na koma hawa na tara da ɗaci a maƙogwaro.

Ba ta lallashe ni ba.
"Na ce ƙafa na fita.
Ban faɗa maka ranar da rumfa za ta rushe ba.
Ma'auni ne, ba duba ba.
Ni ma ya sha sa ni sakin kaya da wuri.
Ƙafafun kan dawo wani sa'in,
in sun dawo littafi zai faɗa,
mu bi sawunsu ba kunya."

Yau kwana na goma. An tashi uku da rabi.
Ja ne kuma, siriri,
sandar ƙasa ba ta kai rabin ta jiya ba.
Ta taga ina hango jiragen kaya na jiran shiga.
Ba a gane mai nauyi da tsayin tuta,
sai da yadda cikinsa ya nutse a ruwa.

Ta miƙo min fensir.
"Tara," in ji ta.
"Kaɗan ne, amma haƙƙinsa ne. Tara."